Gani Ya Kori Ji: A Ba Littafin Zane Mara Rubutu Matsayinsa

Muna so mu yi amfani da wannan fili da mujallar makaranta ta ba mu a bana, mu kawo wata magana wadda wataƙila wasu za su ce ta yara ce. Gaskiya ne, ta yara ce, domin kuwa ta shafi ƙannenmu da muka baro a gida, a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Bichi da Kunci da Tsanyawa. Maganar ita ce ta littattafan labari waɗanda babu rubutu a cikinsu sai zane. Ra'ayinmu shi ne, irin waɗannan littattafai sun cancanci a ba su kanta a laburarenmu, kuma ya kamata mu da kanmu mu fara zana namu, mu riƙa kai wa yara gida lokacin hutu.

Ga wanda bai taɓa ganin irin littafin ba, ga yadda yake. Ana raba shafi gida-gida, kowane gida da zanensa, zane na bin zane kamar yadda kunya ke bin kunya a gona. A gida na farko ka ga yaro ya ɗauki guga, a na biyu ka gan shi a bakin rijiya, a na uku ka ga igiya ta tsinke. Ba wanda ya rubuta maka kome, amma ka san abin da ya faru, ka kuma san abin da ke jiransa a gida. Haka labari zai yi ta tafiya, wani lokaci shafi talatin, wani lokaci fiye da ɗari. Ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1919 wani mai zane ɗan ƙasar Beljiyam, Frans Masereel, ya fitar da cikakken labari da zane 167 da ya sassaƙa a kan katako, a 1929 kuma Lynd Ward ya yi irinsa a Amurka. Waɗancan na manya ne. Daga baya ne masu zane suka juya ga yara.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu shi ne wani kwalin littattafai da aka kawo wa makaranta kyauta. A cikinsa akwai 'yan ƙalilan marasa rubutu. Da yawanmu mun buɗe, muka karkaɗa shafuka cikin minti ɗaya, muka ajiye muna cewa, "Wannan ai ba littafi ba ne." Sai ɗaya daga cikinmu ya ari guda ya tafi da shi gida hutun ƙarshen zango. Littafin shi ne The Lion & the Mouse, wato zaki da ɓera, na Jerry Pinkney ɗan Amurka, wanda ya fito a 2009, ya kuma ci lambar Caldecott a 2010, lambar da ake ba littafin yara da ya fi kyan zane a ƙasar. In ban da kukan dabbobi da aka rubuta nan da can, babu wata magana a ciki.

Yana da ƙane ɗan shekara bakwai, ɗan aji biyu na firamare, wanda in ya ga an buɗe littafi sai ya nemi hanyar zaure, saboda ya saba littafi na nufin tambaya, tambaya kuma na nufin bulala ko dariyar 'yan aji. Da yamma, bayan an ɗaure awaki, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya miƙa masa littafin. Yaron ya juya shafi biyu, ya ɗago kai.

"Yaya, ina rubutun?"

"Babu. Kai za ka faɗa mana abin da ya faru."

Ya yi shiru, ya sake dubawa. Can sai ya fara, murya ƙasa-ƙasa: ga ɓera ya gudo wa mujiya, ga shi ya hau bayan zaki bai sani ba, ga zaki ya damƙe shi. Da ya zo inda zaki ya saki ɓera, sai kakarsu da ke gefe tana ɓarar gyaɗa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta matso ta ce, "Kawo in gani, mai gidana." Ta bi zanen da yatsa har inda maharba suka kafa raga zaki ya faɗa, ɓera ya zo yana gaigayar igiya. Ta ce, "Ka gani ko? Alheri danƙo ne." Daga nan gardama ta kaure tsakanin jika da kaka a kan dalilin da ya sa zaki ya saki ɓeran tun farko. Yaron ya ce ƙoshi ne, kaka ta ce tausayi ne, ta nuna masa idon zakin. Kafin hutu ya ƙare, yaron ya ba da labarin nan ga duk wanda ya shigo gidan, kuma kullum sai ya ƙara masa wani abu.

Mun daɗe a kan wannan labari ne domin duk hujjarmu tana cikinsa. A wannan yammaci, yaron da ke gudun littafi ya zama shi ne mai riƙe da littafi, tsohuwar da takarda ba ta taɓa yi wa magana ba ta zama malama, kuma an tattauna tausayi ba tare da kowa ya yi wa kowa wa'azi ba.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Za su ce kallon hoto ba karatu ba ne, kuma ba wanda ya taɓa cin jarrabawar WAEC ko NECO da kallon zane. Wannan magana tana da ƙarfi, musamman in aka dubi halin da ake ciki. Wani rahoto da Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 89. Wanda ya ji haka yana da dalilin cewa a bar wasa, a koya wa yara baƙi da wasali.

Mu ma ba mu ce a daina koyar da baƙi da wasali ba. Abin da muke cewa shi ne, karatu ƙafa biyu gare shi. Tun a 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar rubutu na bukatar abu biyu tare: iya haɗa haruffa su zama kalma, da kuma iya fahimtar magana. In ɗaya ya rasa, ɗayan ba ya kai mutum ko'ina. Dukanmu mun san ɗalibin da zai karanta shafi guda na Turanci da babbar murya ba tuntuɓe, amma in malam ya ce, "To me ka karanta?" sai ya sunkuyar da kai. Littafi mara rubutu ƙafa ta biyu yake ƙarfafawa. Yana koya wa yaro cewa labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, cewa abin da ya faru a wannan shafi shi ya haifi na gaba, cewa ana iya hasashen abin da zai zo sannan a juya a gani. Yana tilasta masa ya nemo kalmomi daga bakinsa, ya jera su. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake nema a wurinmu a jarrabawar auna fahimta da ta rubutun insha'i. Daɗin daɗawa, malami na iya cewa yaro ya faɗi labarin da Hausa yau, gobe ya rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane zane, jibi ya gwada da Turanci. Littafi ɗaya ya yi aikin uku.

Sai batun tarbiyya, wanda shi ne ya fi damunmu. Yaran ƙasar nan ba su rasa masu gaya musu su zama na kirki ba. Ana faɗa musu a gida, ana faɗa musu a wurin ibada, ana faɗa musu a taron safe. Amma Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma tausayi ba ya farawa sai mutum ya iya duban fuskar ɗan'uwansa ya gane abin da ke cikinta. Littafin da ba rubutu ba ya gaya maka cewa wance tana baƙin ciki. Kai ne za ka duba yadda ta sauke kafaɗa, yadda ta tsaya nesa da sauran, ka gano da kanka. Abin da yaro ya gano da kansa kuwa ya fi zama masa fiye da abin da aka zuba masa a kunne.

Alal misali, akwai jerin littattafan Owly na Andy Runton, da suka fara fitowa a Amurka a 2004. Jarumin labarin ɗan mujiya ne mai son abokai, amma duk tsuntsun da ya gan shi sai ya tashi. Wata rana ya tarar da wata 'yar tana za ta nutse a ruwan sama, ya cece ta, ya yi jinyarta, ya raka ta neman iyayenta, suka zama aminai. A bugun asali, maimakon magana alamomi ake sa musu, sai a 2020 aka sake buga shi da launi, aka ƙara 'yan kalmomi. Wane Bahaushe ne bai san matsayin mujiya ba? Ita ce tsuntsuwar da ake jifa, wadda in ta yi kuka a kan gida ake cewa ba alheri. Yaron ƙauyenmu zai fahimci wannan labari fiye da yaron da aka zana shi dominsa, kuma zai tuna da shi ranar da ya ga wanda 'yan aji suka mayar mujiya.

Haka nan akwai I Walk with Vanessa na 2018, wanda wasu mata da miji 'yan Faransa masu amfani da sunan Kerascoët suka zana. Baƙuwar yarinya ce ta zo sabuwar makaranta, wani yaro ya ci zarafinta a hanyar gida, wata yarinya ta gani ta kwana abin na damunta. Da safe sai ta je ƙofar gidan baƙuwar ta ƙwanƙwasa, suka kama hanya tare, sauran yara suka yi ta biyo su har suka zama ayari. Duk wanda ya tuna makonsa na farko a ɗakin kwana na wannan makaranta, da akwatinsa a ka ba ya sanin kowa, ba sai an fassara masa ba.

Kada kuma a ɗauka duk labaran zaƙi ne zalla. Robot Dreams na Sara Varon, wanda ya fito a 2007, labarin wani kare ne da ya haɗa mutum-mutumin ƙarfe ya zama abokinsa. Suka je bakin teku, ruwa ya sa ƙarfen ya yi tsatsa ya kasa motsi, kare ya tafi ya bar shi, da ya dawo ya tarar an rufe wurin. Littafin ya bi su wata-wata, kowa da kewarsa, har kowa ya sami sabon aboki. An mayar da shi fim a 2023. Muna ganin yaro na bukatar ya san cewa aboki na iya yin kuskure, kuma rabuwa ba kullum take nufin ƙiyayya ba. Ga manyan ɗalibai kuwa akwai The Arrival na Shaun Tan ɗan Ostireliya, na 2006, labarin magidancin da ya bar matarsa da 'yarsa ya tafi baƙuwar ƙasa neman abinci, inda bai iya ko karanta allon hanya ba, baƙi irinsa suka riƙa nuna masa gari. Kusan kowane gida a yankinmu yana da wanda ke tafiya cin rani Kano ko Legas bayan an kai amfanin gona rumbu. Wannan labarinsu ne.

Me ya sa muka ce mu ne muka fi bukatar wannan darasi? Ku dubi ƙasar da muka fito. A arewacin Kano gona ba ta hutawa. Kowace shekara ana noma kowane taku, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, ana ɗauko taki a mangala bisa jaki. Gonar wannan na jingine da ta wancan, iyaka ba ta wuce layin gamba ko bishiyar gawo guda ba. A irin wannan zama, akuya ɗaya da ta tsinke da damina ta isa ta raba gida biyu, shanun da suka shiga kafin a gama kwashe kara sun isa su kai mutane gaban mai unguwa. Kakanninmu sun iya zama a haka ne saboda sun riƙe gayya da aro da biki da haƙuri da maƙwabci. Yanzu mutane sun ƙaru, gonaki sun ƙara tsukewa da rabon gado. In ƙannenmu suka tashi ba su iya duban fuskar maƙwabci ba, a kan iyakar gona za a ga sakamakon.

Bugu da ƙari, littafi mara rubutu ba ya tambayar yarenka. Ɗan rugar Fulani da ya zo aji da Fulatanci, da ɗan ma'aikacin da aka yi wa canji daga kudu, da yaron da ba ya ji wanda maganar hannu ce harshensa, irin waɗanda ake kai wa makarantar Tudun Maliki a Kano, duk za su iya zama a tabarma ɗaya su yi dariya a shafi ɗaya. Saboda wannan dalili ne ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, ta fara wani shiri a 2012 na tara irin waɗannan littattafai domin tsibirin Lampedusa na Italiya, inda jiragen ruwan 'yan gudun hijira daga Afirka ke sauka. Tarin farko ya haura littafi 100 daga ƙasashe fiye da 20. Abin da ya yi wa yaran da suka ƙetare teku amfani ba zai kasa yi wa yaran da kasuwar Dambatta ke haɗawa amfani ba.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi inda masu suka suke da gaskiya. Na farko, ba kowane zane ne kowa ke ganewa ba. The Snowman na Raymond Briggs, na 1978, ya yi suna ƙwarai a Ingila, amma yaron da sanyin da ya sani shi ne na hunturu, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, zai yi mamakin me ya sa farin mutumin nan ya narke. Shi ma kallon zane koyonsa ake yi. Yaron da ya fara da makarantar allo daga dama yake buɗe littafi, daga dama kuma yake bin layi, saboda haka sai an nuna masa inda zai fara, in ba haka ba zai ga ƙarshen labari kafin farkonsa. Na biyu, littattafan nan daga waje ake kawo su, kuma masu launi ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin iyayen da ke fama da kuɗin taki. Na uku, akwai gidajen da ba sa son a shigo musu da zanen abu mai rai. Wannan ra'ayi ne da ya kamata a girmama. A nemi izinin mai gida kafin a kai, in ya ƙi a haƙura.

Amma biyun farko ba dalilin ajiye abin ba ne, dalili ne na mu yi namu. Zane ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ga shanun da mutanen da suka zana a duwatsun Birnin Kudu, ga adon bangon gidaje da na ƙwarya, ga zanen da ke bayan manyan motoci, ga hotunan da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya fara fitowa a 1937, waɗanda da yawanmu su muka fara kallo kafin mu iya karanta labarin. A kowane aji akwai mai zanen da malam ke kama shi yana ɓata bayan littafin lissafi. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Book Dash da aka kafa a 2014 tana tara marubuta da masu zane 'yan sa kai su gama littafin yara cikin awa 12, sannan a sa shi a intanet kowa ya buga kyauta, kuma cikin littattafanta har da marasa rubutu. Wannan ai gayya ce, mu kuwa ba sai an koya mana gayya ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Muna roƙon hukumar makaranta ta ware kanta guda a laburare domin irin waɗannan littattafai, a bar ɗalibai su ara zuwa gida lokacin hutu. Muna roƙon malaman Hausa da na zane su haɗa kai su ba mu Asabar ɗaya a kowane zango, a raba mu uku-uku: mai tsara labari, mai zane, mai ɗinke takardu. Farar takarda da fensir da allura da zare sun isa, injin kwafi ya ƙarasa sauran. Labari kuwa ga shi a ƙofar gida. A zana 'yar Fulani ɗauke da ƙwaryar nono a hanyar kasuwa, ta yi tuntuɓe, nono ya zube, yara na dariya. A zana yaro ɗaya da bai yi dariya ba, ya sauko daga jakinsa ya tsince mata faifai da ludayi. A zana damina, akuyar yaron ta ɓace, magariba ta yi. A gida na ƙarshe a zana yarinyar tana tahowa daga ruga, riƙe da igiyar akuyar. Zane goma sha biyu sun gama shi, kuma ba kakar da za ta kasa karanta shi.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu fita a bana. Iyayenmu sun sayar da buhun gyaɗa da ɗan akuya suka turo mu nan, ƙannenmu kuma suna kallonmu duk lokacin da muka sauka daga mota da kayan makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan hutu kowa ya koma gida da labari guda na zane, ko nasa ko na aro, ya zauna a tabarma ya miƙa wa ƙaninsa, ya yi shiru ya saurara.